Ɗiyar Fari a Kan Ƙanƙara

Ba zan rubuta sunanta ba. Ɗiyata ce ta fari, kuma a Tasawa inda na tashi mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta yabonsa. A gida Yayarsu nake ce mata saboda ƙannenta, a nan ma haka zan ce. Ta yi shekaru tana tseren gudu a kan ƙanƙara, irin wanda mutum huɗu ko biyar ke zagaya ɗan ƙaramin fili a tare. Ta sa rigar matasan Faransa, ta je Holan da Italiya, ta karye a idon sawu, ta warke ta koma, daga baya ta bari don kanta. Wannan duk ta fi ni saninsa. Abin da ni na sani shi ne yadda saura kaɗan in rasa ta tana da ranta da lafiyarta, kuma ba ƙanƙarar ce ta so raba mu ba.

Zangona na farko Bobigny ne, a gefen Paris. Na sauka da ciki, cikin sanyin da ban taɓa jin labarin irinsa ba. Malam, mijina, ya riga ni zuwa, yana aikin sharar ofisoshi, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye. Ɗakinmu yana can sama a wani dogon bene, in na leƙa taga na ga motoci kamar tururuwa sai in ja da baya in dafa bango. Ni mutum ce mai yawan damuwa tun ina yarinya. In na kashe murhun gas sai na koma na taɓa shi, in na kai ƙofa kuma in sake dawowa in duba. Lakwal, wato makarantar boko, firamare kawai na yi. Faransancina na karanta allon tasha ne da gaida likita, in aka yi mini magana da sauri sai in ce "wi", wato e, in tafi ina tunanin ko me na amsa.

Abin da ya fi damuna rashin jin Hausa. Wata rana na yi ƙarfin hali na shiga metiro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ni kaɗai zuwa Barbès, inda aka ce ana samun kayan gida. A bakin tasha wani mutum ya yi mini cikakkiyar sallama, ya kira ni 'yar'uwa, ya nuna mini rediyo yana magana a hannunsa, ya ce yana kamo tashoshin Afirka duka. Ya ba ni wani a cikin kwali a liƙe, ya ce sabo ne, kada in buɗe a titi saboda ɓarayi. Na rungumo shi har gida. Da na buɗe, guntun bulo ne a naɗe cikin jarida. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ce kowane baƙo sai an yi masa wannan askin. Ni ban yi dariya ba. Tun daga ranar ba abin da ke shiga gidana ban juya shi na duba ba, kuma na sa a raina duk abin da aka sayar wa baƙo a ƙasar nan akwai aibi a jikinsa, sai dai in ba a gano ba.

Wadda ta riƙe ni a wannan zango Hajiya Rabi ce, mutuniyar Tawa, da ke benen kusa da namu tana sayar da atamfa da turaren wuta a ɗakinta. Ta daɗe a Faransa, tana da faɗa, amma ita ta raka ni likita ranar haihuwa, ita ta yi mini wankan jego a cikin bahon Nasara, ta dama mini kunu da kanwar da take ɓoyo kamar zinariya. Da ungozoma ta ɗora mini jaririyar a ƙirji, na ga Hajiya a tsaye, sai na kau da fuska. Ungozomar ta yi mini wani irin kallo. Na yi kwanaki ina jiran a zo a karɓe mini ɗiya.

"Haka ake yi," in ji Hajiya. "Kada ki ga kin zo ƙasar Nasara ki zubar da kunyarki a filin jirgi. Na ga masu lashe 'ya'yan fari a cikin metiro kamar kyanwa."

A gida, da an yaye ta kakarta za ta ɗauke ta, ta goya, ta shagwaɓa, ni kuwa in riƙa hangenta daga nesa. Haka muka shirya da Malam, in an yaye ta a kai wa mahaifiyarsa. Kafin lokacin Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa, tawa uwar kuma ta riga ta. Sai ga ni da ɗiyar da ya kamata in yi wa kunya, a ɗaki biyu, ba kowa sai ni. Malam ma ba ya faɗin sunan, amma shi aiki ya raba shi da gida, in ya dawo ya ɗan tsokane ta ya kwanta. Na yi mata wanka, na yi mata kitso, na yi jinyarta in tana zazzaɓi, amma ban kira ta ba sai da "ke". Ko mu biyu ne a ɗaki, in na ji kamar in rungume ta, sai in ga kamar matan Tasawa duka suna leƙo ni ta taga. Da aka haifi Balkisa, ƙanwarta, sai bakina ya buɗe. Balkisa zo, Balkisa ci, Balkisa 'yar gatan uwarta. Ban taɓa tsayawa na dubi wadda ke zaune a gefe tana ji ba.

Zango na biyu Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Malam ya sami aiki a wata ma'aikatar sinadarai a Saint-Fons, ya riƙa dawowa da wani wari a tufafinsa wanda sabulu ba ya fitarwa. Yayarsu tana firamare a lokacin. Wata rana lakwal ɗinsu ta kai su filin ƙanƙara, wani babban ɗaki ne da aka daskarar da ruwa a ƙasansa. Ta dawo gwiwoyinta a jiƙe, tana zuba ba numfashi. Bayan 'yan makonni wata mata ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, gajera, mai askakken gashi, ta cire takalmanta a bakin ƙofa ba wanda ya ce ta cire. Madam Odil ke nan, mai horar da masu tsere. Ta ce yarinyar ba ta tsoron faɗuwa, kuma irin wannan ba kullum ake samu ba. Malam ya yarda tun shayi bai huce ba.

Ni kuwa na shiga uku. Takalmin akwai ƙarfe a ƙasansa, siriri, ya fi ƙafar tsawo, da kaifi kamar wuƙar mahauci, ni dai wuƙa nake ce masa har yau. Rigar tseren a matse take, sai na ɗinka mata wata doguwa da za ta zura da zarar ta fito. Sannan na ji an ce kullum hagu suke juyawa, ba sa taɓa yin dama. Wannan ya hana ni sukuni, har na tambayi Malam ko babu laifi a ciki.

"Ɗawafi ta wane hannu ake yi?" ya ce.

"Hagu," na ce.

"To ki nemi wani abin damuwar, wannan ya ƙare."

Ni nake kai ta, motar bis sannan metiro sannan tafiyar ƙasa, da zafi da sanyi. Amma ban shiga ciki ba. Akwai zaure kafin a shiga filin, da gilashi babba da ake hangen ciki. Nan nake zama, na ba gilashin baya, da carbi a hannuna. Ina jin iyayen Nasara suna ihun sunayen 'ya'yansu, ina jin ƙarar wuƙaƙe, in na ji an daki katifun da aka jera a jikin bango sai in ƙara damƙe carbin. Tsohon da ke sayar da tikiti, ɗan ƙasar Fotugal, ya ga kullum a kan dakali nake, sai ya riƙa fito mini da kujerarsa da ɗan abin ɗumama ɗaki. Shi ke kawo mini labari. "Madam, ta wuce zuwa zagaye na gaba." "Madam, alƙalai sun fitar da ita, wai ta ture wata a kwana." Da fari an fi fitar da ita a kan ta ci, don ba ta da haƙuri, duk inda ta ga ɗan wuri sai ta kutsa. A hankali Madam Odil ta koya mata zama a bayan mutum ta jira lokacinta. Sai labarin tsohon ya canza. "Madam, ta ci. Ba za ki shiga ki gani ba?" In ce masa mersi, wato na gode, in sunkuyar da kai.

Takan fito da lambar yabo a wuyanta, ta tsaya gabana. Ni kuma in ce, "Ke, sa rigarki, akwai sanyi." Sau ɗaya a cikin metiro ta tambaye ni me ya sa ba na shiga kamar sauran iyaye. Na ce ai dole wani ya zauna ya yi addu'a. Ta ce, "A ciki ba a iya yi?" Na ce ta gyara zamanta, mutane na wucewa.

Da ta ƙara girma aka fara tafiya da su wasu garuruwa cikin motar ƙungiya, Dijon, Belfort, can wajen Grenoble. Ranar gasa ba na iya cin abinci sai Madam Odil ta buga waya ta ce kowa lafiya. In ta dawo, ko ta ci ko ba ta ci ba, sai in yi mata dambu da busasshen zogalen da ake aiko mini daga gida, abin da ta fi so, in zuba mata fiye da kowa, ban ce don me ba. In sun tafi lakwal in ɗauko lambobin in goge su ɗaya bayan ɗaya, in mayar yadda na same su. A ganina ta sani. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma bai taɓa tambaya ba.

Tana da shekara goma sha biyar ko sha shida aka sa wata babbar gasa a gefen Paris, inda za a zaɓi 'yan kaɗan a kai su wurin horo na ƙasa, can cikin duwatsu kusa da iyakar Sifaniya. Madam Odil ta ce takalman aro sun yi mata kaɗan. Aka yi mata nata daidai da ƙafarta, wuƙaƙen kuma Malam ya sayo na hannu wajen wani Nasara da ɗansa ya bar tsere. Da na ji "na hannu", na ji "wani Nasara", hankalina bai kwanta ba. Ta yi makonni tana horo da su, ba ta barin kowa ya taɓa jakar. Ana saura 'yan kwanaki a tafi, ta bar su a kan tawul su sha iska, ta tafi lakwal.

Na ɗauki ɗaya, na rufe ido guda na auna wuƙar da hasken taga. A karkace take. Na ɗauki ɗayan, ita ma haka, kamar bakan da ba a ja sosai ba. Na tuna bulon Barbès. Na zauna ina ganin yarinyar nan a guje, wuƙa ta kauce, na bayanta sun hau ta da nasu wuƙaƙen. In na gaya wa Malam, zai ji kunyar an cuce shi bayan wahalar da ya sha. In na gaya mata, to na zauna ke nan ina hira da ɗiyar fari a kan kayanta kamar ƙawarta. Sai na naɗe su a zane na hau bis zuwa Saint-Fons, wajen Malam Isufu, mutumin Damagaram, abokin Malam, mai walda, da ke da ɗan shago a bayan wani gareji.

Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da sanyi, na tambayi iyalinsa da labarin Damagaram, sannan na kwance zanen.

Ya juya su, ya auna da ido. "Maman Balkisa, duka biyun gefe guda suka lanƙwashe. Anya ba haka aka yi su ba?"

"Malam Isufu, ka taɓa ganin maƙeri ya ƙera wuƙa a karkace ya kai kasuwa?"

"A Damagaram dai a'a."

"Wani abu mai nauyi aka ɗora musu a ajiya. Sun ga baƙo ne suka sayar masa."

"Ba za ki bari a tambayi mai su ba?"

"Kada ta sani. Kada Malam ya sani."

Ya yi murmushi, don ya gane, shi ma yana da ɗan fari. Ya ɗaure su a ƙarfen matsi, ya bi su a hankali da guduma da katako har suka miƙe sak. Na ciro jaka, ya ce in mayar, ai ɗiyarsa ce. A hanyar komawa na ji wani sanyi a raina wanda na daɗe ban ji ba. Na mayar da su kan tawul yadda ta ajiye su.

Da yamma na kai ta horo. Ban daɗe da zama ba na ji an daki katifa, dukan da ya fi na kullum, sannan fili ya yi tsit. Tsohon ya shiga da sauri, ya dawo ya ce ta tashi, kafaɗa ce kawai ta bugu. Can sai ga Madam Odil da takalman a hannu, Yayarsu a bayanta da silifa.

Madam ta yi magana a hankali don in gane. Ta ce wani ya taɓa wuƙaƙen. Ta ce da gangan ake lanƙwasa su zuwa hagu, don su ɗauki mutum su zagaya kwana da shi, kuma ta yi makonni tana daidaita waɗannan da jikin yarinyar. Yanzu da ta zo kwana sai suka miƙe da ita cikin bango. Ƙarfen ya ji guduma, ba zai koma yadda yake ba.

"Ni ce," na ce. "Na ga a karkace suke, na kai aka gyara."

Yayarsu ta matso, ta yi magana da Hausarta mai gauraye da Faransanci.

"Aka gyara."

"Na zaci an cuci babanku."

"Mama, shekara nawa ina wannan abin? Da sau ɗaya kin juya kin duba ta gilashin nan, da kin ga abin da ake yi da su."

"Ke, mutane na ji."

"Ke. To. Ke." Ta gyaɗa kai. "In ba ki so in yi, ki faɗa mini. Ba sai kin bi ta baya ba."

A bis ba ta zauna kusa da ni ba. Malam ya ji labari, ya dafe kai, ya fara dariya, ya ga fuskarta ya haɗiye. Ya zaunar da ita ya ce uwarta ba da mugunta ta yi ba, zancen suna kuma al'ada ce, ɗan fari kunya ake yi masa. Ya ce shi ma ɗan fari ne, har uwarsa ta rasu ba ta faɗi sunansa ba.

"Wa ke faɗi, Baba?"

"Me?"

"Sunanka. In ita ba ta faɗi ba, wa ke faɗi?"

"Kakata mana. A ɗakinta na tashi. Gwaggwannina, kawunnaina, duk unguwa." Har fuskarsa ta saki da ya tuna. "Kakata mijinta take ce mini, ba wanda ya isa ya taɓa ni."

"To ni fa? Ina kakata? Ina unguwar?"

Malam ya dube ni. Ina tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu.

"Zan je Paris ko da takalmin aro ne," ta ce. "In an ɗauke ni na tafi, hutu ma can zan riƙa yi. In ba a ɗauke ni ba, akwai lakwal mai kwana. Ku zauna da Balkisa."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi, don na san ta, abin da ta faɗa a hankali shi take yi.

Ma'aikata ba ta ba Malam hutu ba, sai aka ce ni in raka ta. Zango mafi wuya a duk zamana a Faransa shi ne wannan jirgin ƙasan daga Lyon zuwa Paris, duk da sauri gare shi. Kujerunmu a haɗe suke. Ta toshe kunnuwa da waya, ta juya wajen taga. Na miƙa mata dambu a roba, ta ce ba a cin mai kafin gasa. Ina ta jera magana a raina, in na zo faɗi sai in fasa. Gonaki suna wucewa da fararen shanu masu ƙiba, ni ina tunanin abin da ta tambayi babanta. Yayana bai taɓa tambaya ba don a bayan kakarmu ya girma, ya ƙoshi. Ita wa ya ƙosar da ita?

Wajen Hajiya Rabi na sauka a Bobigny, Yayarsu ta tafi masauki tare da 'yan ƙungiyarsu. Hajiya ta tsufa, tana dogara sanda, amma bakin yana nan. Na ba ta labari duka.

"Yaran Faransa ke nan," ta ce. "Yau ki kira sunanta, gobe ta kira naki. Kada ki biye mata."

"Hajiya, tafiya za ta yi."

"Ina za ta? Duk inda ta je ke kika haife ta." Ta murza gwiwa. "Gobe da ni za a je. Ina so in ga abin nan da aka kai wa maƙeri."

Filin ya fi na Lyon girma, da kujeru hawa-hawa. A nan ma akwai zaure da dakali, ƙafata ta nufi can da kanta. Na tsaya, na juyo, na bi Hajiya ciki. Na ce mu sauka can ƙasa, layin farko, daidai kwana.

"Nan kowa zai gan ki," in ji Hajiya.

"E," na ce.

Ranar na fara ganin abin da ɗiyata ta yi shekaru tana yi. Suna jeruwa a duƙe, a harba 'yar bindiga, su zabura. A miƙe hannuwansu a baya suke kamar dattawa masu zagayen gona, in sun zo kwana sai su kwanta gaba ɗaya, hannun hagu yana shafar ƙanƙara, jiki dab da ƙasa har ka ce yanzu za su zube, amma wuƙar tana riƙe da su tana juyawa da su. Na ga abin da na kai aka miƙe. Madam Odil ta aro wuƙaƙen wata 'yar ƙungiyarsu ta ɗaura mata. Ba ta saba da su ba, a kowace kwana ina ganin ƙafarta tana ɗan rawa. Duk da haka ta tsallake zagayen farko, ta tsallake na biyu, ta kai na ƙarshe.

Da suka jeru ta ɗaga kai ta gan ni. Idona ya so ya sauka, na riƙe shi. Muka dubi juna har mai bindiga ya ɗaga hannu.

Ta tashi ta ƙarshe, ta zauna a bayansu tana jira. Ko'ina sunaye ake kira. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake, haka. Sai na kama hannun Hajiya.

"Hajiya, kira mini ita."

"Ni?"

"Ke kika yi mata wankan farko. Ba ta da wata kakar. Kira mini ita, don Allah."

Hajiya ta dube ni. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kira sunan da muryar da take faɗa da ita, ta sake kira, ta ɗora da guɗa irin ta Tawa. Nasaran da ke kusa da mu suka waiwayo. Ban sani ba ko guɗar ce ko lokacin da take jira ne ya yi. Yayarsu ta fita ta waje ta wuce ɗaya, a kwanar da ke gabanmu ta kutsa ta ciki ta wuce wata, ƙafar ta yi rawa, ta dafa ƙanƙara ta riƙe. Ta uku ta zo.

Ta fito ta zauna a benci a gefen fili tana haki, Madam Odil tana bubbuga mata kwalkwali tana cewa ba a san zaɓe ba tukuna, amma an gan ta. Na ratsa mutane na isa. Na durƙusa na fara kwance mata igiyar takalmi. Ashe ba sa sa safa. Ƙafar ta fito sanyi ƙalau kamar an ciro ta daga firigo, duk kanta da tabo, ƙumba ɗaya ta yi baƙi. Rabona da riƙe ƙafar nan tun ina yi mata wanka. Na ja gefen mayafina na naɗe ta, na ɗora a cinyata ina murzawa.

"Na ji Hajiya," ta ce.

"Ni na sa ta."

"Na sani. Na ga bakinki yana motsi kamar na kifi."

Na ci gaba da murzawa.

"Mama, Hajiya na kallonki."

Hajiya ta iso da sandarta, ta juya mana baya tana duban rufi. "Ni idona ya mutu tun bara, ban ga komai ba. Ku yi ku gama, sanyin nan zai kashe ni."

Yayarsu ta miƙo mini ɗayar ƙafar.

"In an ɗauke ni, zan riƙa zuwa hutu," ta ce. "Amma ba za ki sake taɓa mini takalma ba."

"Ko gogewa?"

"Ko gogewa. Kallo kawai."

"To," na ce. Na kama igiyar na fara kwancewa.